Uwata, ga gaskiyar ciwon kawunki Idi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hadiza, Uwata ta kaina.

Sallama da gaisuwa mai yawa daga Jugu. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ki kin huce gajiyar hanya, kin samu gwaggonki da mutanen gidanta a unguwar Turu cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a masauki da kan titi, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sa Paraku ta karɓe ki da alheri. Babanki yana gaishe ki, yana sa miki albarka.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kam waya ta ishe mu. Akwai maganar da na kasa yi miki baki da baki, kuma idan na fara ta a waya na san zan kauce in koma tambayarki ko kin ci abinci. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba direban da ke kawo mini atamfa ya miƙa miki. Ki karanta lokacin da babu wanda yake jiranki.

Ranar da za ki tafi, muna tsakar gida ana cin sakwara, ƙawayena na kasuwa sun zo yi miki sallama, sai suka ce ki faɗa musu wane irin karatu ne kuma ya rage bayan kin gama koyon aikin jinya. Kika yi musu bayani har na ji daɗi. Kika ce malamanku na jami'a sun zaɓe ku za ku zagaya asibitocin Paraku da Jugu, ku zauna da ma'aikata, ku zauna da masu shan ƙwaya da wiwi da giya, ku gano abin da ya sa ake ƙyamar mutum idan ya zo neman magani an san yana sha, da yadda za a gyara. Sannan kika ce, "Saboda Kawu Idi na zaɓi aikin nan. Saboda matar da ta kusa kashe shi." Kowa ya ce Allah ya yi miki albarka. Kawunki yana bakin ƙofa riƙe da jakarki. Ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

Labarin da kika taso kina ji daga bakina ne ya fito, kuma rabinsa na faɗa. Ba zan bar ki ki shiga asibitocin mutane ɗauke da rabin labari ba.

Kin san Idi ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na goya shi. Bayan rasuwar iyayenmu ya dawo hannuna. Da ya girma ya shiga aikin zem, yana ɗaukar mutane da buhunan doya a moto tsakanin Jugu da Bariyenu, hanyar da ke karya bayan ƙato. A can ya koyi shan ƙwayar tiramol. Abokan aikinsa suka ce masa tana kashe gajiya, ya fara da ɗaya a cikin kofi da safe, daga baya ba ya iya hawa moto sai da ita. Na sani. Ina ganin idonsa, ina ganin yadda abinci ya fita ransa. Abin da nake yi kawai shi ne zagi. Idan ya shigo in ce ɗan ƙwaya ya dawo, idan wani abu ya ɓata a gida in dube shi. Lokacin kina ajin farko a lekol, makarantar boko, ba za ki tuna ba.

Wata rana da damina, bayan azahar, abokansa suka kawo shi rumfata a kasuwa yana riƙe da ciki, yana amai, gumi ya jiƙa masa riga. Na rufe rumfa cikin fushi na kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikaciyar jinya ɗaya muka samu a wurin, Madam Selestin, 'yar kudu ce, tana jin yaren Dendi na garin nan kaɗan kaɗan. Mutane cike da benci amma da ta ga halinsa ta shigar da shi gaban kowa. Ta kwantar da shi, ta ɗaga rigarsa, ta ɗora hannu a cikinsa tana dannawa a hankali tana tambayarsa ina ne ke ciwo. Ki riƙe wannan, Uwata. Matar nan ta fara aikinta daidai.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. A kan benci akwai wata Hajiya mai sayen atamfa a wurina, matar babban mutum, tana leƙowa. Idi yana nishi, ƙafafunsa duk laka, yana kiran sunan uwarmu. Kunya ta rufe ni, ba tausayi ba. Sai na ji bakina yana cewa da Dendi, da ƙarfi yadda na benci za su ji, "Madam, kada ki wahalar da kanki. Ɗan ƙwaya ne. Idan bai samu ba haka yake yi."

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ke wace ce tasa?"

Na ce, "Yayarsa."

Sai ta ɗauke hannunta daga cikinsa. Na ga lokacin da ta ɗauke shi. Ta ja rigarsa ta rufe, ta rubuta maganin zazzaɓi da na amai, ta ce ya je ya sha ruwa da yawa ya daina abin da yake yi. Ko kallon fuskarsa ba ta sake yi ba.

Ban yi ƙarya ba, yana sha. Har a zuciyata na ɗauka ƙwayar ce ke murɗa masa ciki. Amma ba don in taimaki Madam ta gane ciwonsa na faɗa ba. Na faɗa ne don Hajiyar benci ta san ni ba irinsa ba ce. Na wanke kaina da shi.

To ga nasihata ta farko. Idan kin shiga asibiti kina neman inda ƙyama take, kada ki tsaya a kan mai farar riga kawai. Ki dubi wanda ya rako marar lafiya. Sau da yawa daga gida muke ɗauko ta, mu shigo da ita a baki, mu miƙa wa ma'aikaci tun bai buɗe nasa bakin ba. Ki tambayi malamanku ko sun yi shirin zama da yayye da iyaye da matan aure. Idan ba su yi ba, ki ce uwarki ta ce a yi.

Muka koma gida. Idi ya kwana yana juyi, da safe cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ya daina nishin ma. Babanki ya dawo daga karantar da yara ya leƙa shi, ya fita ya nemo mota. A babban asibitin Jugu suka duba shi suka ce maza a wuce da shi Paraku. A can aka gaya mana taifot ce ta cinye shi har hanjinsa ya huje. Ya daɗe da ciwon, ƙwayar tana danne masa zafin yana ci gaba da hawa moto. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da gawa za mu ɗauka.

A nan na yi kuskure na biyu, kuma kishiyar na farko ne. Kafin a shiga da shi ɗakin aiki, wani matashin likita ya tambaye mu ko yana shan wani magani ko wani abu kullum. Na tuna yadda Madam ta ɗauke hannu. Tsoro ya kama ni kada su ma su ɗauke nasu. Na yi caraf na ce, "Ba ya shan komai, ko taba." Na matsa wa Idi yatsa don kada ya musa.

Aka yi aiki lafiya. Amma da ya farfaɗo sai abin ya zama tashin hankali. Allurar kashe zafi da ake yi wa kowa ya samu sauƙi, shi ba ta kama shi. Jikinsa yana rawa, hanci yana zuba, yana hamma ba iyaka, yana neman fizge robar da aka sa masa. Ma'aikata suka rasa gane kansa, wasu suka fara cewa rigima ce da shi. Ni kuwa ina zaune na san dalili, na kulle bakina.

Likitan nan ya dawo da rana. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce cikin ladabi, "Hajiya, ki ɗan sha iska a waje." Na fita amma ban yi nisa ba, na tsaya bayan taga. Na ji ya jawo kujera ya zauna. Da Hausa ya yi masa magana, irin ta mutanen Nijar. Ya ce, "Idirisu, ni ba ɗan sanda ba ne, ba kuma liman ba. Ina so in san abin da jikinka ya saba da shi don in san maganin da zai kama ka. Me kake sha, kuma kamar yaya a yini?" Sai na ji muryar ƙanena yana faɗa, yana kuka. Likitan ya ce, "Na gode. Ka sauƙaƙa mini aiki." Shi ke nan abin da ya ce. Ya sauya magani, kafin la'asar Idi ya samu barci.

Na daɗe ina juya wannan a raina ina auna atamfa. Magana ɗaya ce, cewa Idi yana shan ƙwaya. A bakina a Jugu ta kusa kai shi kabari. A kunnen likitan Paraku ita ce ta cece shi. Da na faɗe ta don cin mutunci ta cutar, da na ɓoye ta don kunya ta sake cutarwa. Saboda haka kada wani ya ce miki gyaran shi ne a daina tambaya, ko a yi kamar ba a gani ba. A tambaya. Amma a rufe ƙofa tukuna, a fitar da irina waje, a zauna, a faɗa wa mutum dalilin tambayar. Ke ma idan kin je yi wa mutane tambayoyinku, haka za ki yi. Kada ki tsaya a kansu da takarda a hannu. Ki nemi wuri ki zauna, ko a kan dutse ne. Ki kira mutum da sunan da uwarsa ta raɗa masa. Na lura likitan nan bai ce Idi ba ma, cikakken sunan ya kira, kamar mai magana da babban mutum.

Kuskure na uku shi ne wanda ya shafe ki. Da muka dawo Jugu 'yan dubiya suka cika gida, kowa yana tambaya yaya aka yi ciwo ya kai haka. Na ce, "Mun kai shi wurin matar nan ta asibitin unguwa, ta ce ɗan ƙwaya ne ta kore mu." Na faɗa sau ɗaya, ya zauna daidai a kunnen mutane, na ci gaba da faɗa. A wurin suna, a wurin biki, a rumfa. Har na zo ni kaina ina jin haushinta da gaske, kamar ba ni na sa mata maganar a baki ba. Matan unguwarmu suka daina zuwa wurinta, wasu suka riƙa tsallake asibitin da ke kusa su tafi mai nisa da ciwo a jikinsu. Daga baya aka mayar da ita wajen Pelebina. Ban san ko maganata ce ta jawo ba, ban kuma tambaya ba, don ba na son in sani.

Shekaru suka wuce, kina sakandare, sai ga ta a gaban rumfata gab da wani bikin Kirsimeti tana taya atamfa. Ta yi furfura. Na gane ta, na yi fatan kada ta gane ni. Ta zaɓi turmi, na naɗe mata, sai ta ce, "Yaya ƙanenki? Na ji an yi masa aiki a Paraku."

Na ce yana nan lafiya, ya yi aure har da 'ya'ya.

Ta ajiye jakarta a kan tebur ta rufe ido kamar mai addu'a. Ta ce, "Na gode wa Allah. Ban taɓa manta cikin yaron nan ba. Na ji taurinsa a hannuna, na san ba daidai yake ba, amma na bar duba shi."

Na ce, "Madam, ni ce na ce ki bari."

Ta ce, "Kin faɗa. Amma ni aka koya wa aikin, ba ke ba." Ta ba ni labari cewa kafin zuwanmu ba da daɗewa ba wani saurayi a buge ya shaƙe ta a ɗakin nan yana neman allura, ita kaɗai, babu mai gadi. Tun daga ranar, da ta ji kalmar ƙwaya sai jikinta ya yi sanyi, ta ƙagu mutum ya fita. Ta ce, "Ba hujja ba ce. Amma tun da na ji abin da ya sami ƙanenki, ko wa aka kawo mini, ko me aka ce yana sha, sai na gama duba shi daga sama har ƙasa. 'Yan zem na Pelebina yanzu wurina suke zuwa."

Ta san abin da na yaɗa a kanta. Na gani a idonta. Ba ta ɗaga maganar ba. Na roƙe ta gafara a tsakiyar kasuwa, ta riƙe hannuna ta ce ya wuce. Na yi niyyar in dawo gida in gyara labarin, amma na iske ke kin riga kin haddace shi, kina cewa za ki yi karatun jinya don kada a sake yi wa wani abin da aka yi wa Kawu. Na ji tsoron idan na faɗa miki gaskiya za ki dube ni yadda nake duban Idi a da. Na ce sai kin ƙara girma. Kullum sai kin ƙara girma, har ga shi kin haɗa jaka kin tafi.

Wannan ita ce matar da kika ce ta kusa kashe kawunki. Za ki haɗu da irinta da yawa. Za ki ji suna faɗin maganganu marasa daɗi a kan masu sha, jininki zai tafasa, don na san halinki, na babanki ne a fuska amma nawa ne a zuciya. Ki danne. Kada ki shiga wurinsu kamar alƙali. Wadda ta yini ita kaɗai da benci cike da mutane, idan kika zo daga jami'a da sabon takalmi kika nuna mata ita ce matsala, za ta ba ki amsar da kike so ta sallame ki, ba abin da zai sauya. Ki tambaye ta me ya taɓa samunta. Ki tambaye ta me take tsoro, me ta rasa a wurin aikin. Mutumin da aka saurari tsoronsa ya fi saurin sakin ƙyamarsa. Madam Selestin ba wanda ya kai ta wani taro, ita kaɗai ta gyara kanta da ciwon zuciya. Ina ganin da an samu masu aiki irin naku tun lokacin, da ba ta sha wannan wahala ita kaɗai ba, da kuma wani bai sha ta a hannunta ba.

Saura ɗaya, kuma a nan babanki ne ya koya mini.

Da Idi ya warke, likitan Paraku ya haɗa shi da wani ma'aikaci a nan Jugu da ke taimaka masa ya rage shan a hankali har ya bari. Ni kuma na zama ɗan sandan gida. Ina lalube aljihunsa idan ya shiga wanka, ina shinshina kofinsa, ina aika a bi shi tasha. Idan baƙi sun zo in ce, "Ga Idi nan, ya shiryu," kamar ina nuna akuyar da ta warke daga ƙazuwa. Ya riƙa gudun gida. Ni a ganina kula nake yi.

Wata safiya babanki ya kira shi ya ce daga yau shi zai riƙa kai ki lekol a moto. Na tashi tsaye. Na ce, "Malam, 'yar tawa za ka ɗora a bayan wannan?" A gaban Idi na faɗa. Babanki ya dubi Idi ya ce, "Sharaɗi ɗaya ne. Ranar da ka san ka sha wani abu, ka zo ka faɗa mini, ni zan kai ta. Ba zan tambaye ka dalili ba, ba kuma zan faɗa wa kowa ba. Ka iya?" Idi ya ce ya iya.

Aka yi ta tafiya haka. Kina tuna hular kwano ja da ya saya miki wadda ta fi kanki girma. Kullum ina bakin ƙofa da zuciya a hannu har ku ɓace. Sai wata rana, bayan rasuwar wani abokinsa a hatsari, ya shigo da safe bai kawo moto ba. Ya tsaya daga nesa ya ce, "Malam, yau ba zan ɗauke ta ba." Na buɗe baki zan ce ai na faɗa, babanki ya ɗaga mini hannu. Ya sa takalmi, ya riƙe hannunki ya kai ki da ƙafa. Da ya dawo ya samu Idi zaune a zaure, ya ce, "Ka cika alkawari. Tashi mu je wurin mutuminka." Suka tafi asibiti tare, wurin ma'aikacin nan da ke taimaka masa. Bayan ɗan lokaci Idi ya ci gaba da kai ki.

Da daddare na ce wa babanki ai ga shi Idi ya koma sha. Ya ce, "Wanda ya zo da ƙafarsa ya ce kada a ba shi yarinya yau, shi ne wanda zan ba yarinya gobe. Ke kina neman ranar da zai faɗi, ni ina neman ranar da zai faɗa mini gaskiya." Ya ƙara da cewa a makaranta yaro yakan manta surar da ya haddace, ba a korarsa, sai a koma da shi baya a sake biyawa.

Idi ya sake zamewa bayan wannan, ba zan ɓoye miki ba, amma kowane karo shi yake zuwa ya faɗa, kuma tazarar tana ƙara nisa har abin ya bar shi. Yau ga shi da shagon gyaran moto da yara masu koyo a hannunsa. Duk binciken aljihun da na yi bai taɓa hana shi shan ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da ya riƙe shi shi ne ya samu wuri ɗaya a duniya da zai faɗi gaskiya ba a wulaƙanta shi ba. Idan na fahimci aikinku da kyau, so kuke asibiti ya zama irin wannan wurin. To ki sani abu ne mai yiwuwa, na gani da idona a zauren gidanmu. Kuma idan wanda kuka yi hira da shi yana murna ya bari, kika dawo kika iske ya koma, kada gwiwarki ta yi sanyi, kada ki rubuta shi cikin waɗanda suka ɓata. Ki gaishe shi yadda kika gaishe shi da farko.

Sauran nasihohin kin san su. Ki riƙe sallarki. Sirrin da mutum ya ba ki amana ce, kada ya fito ko a hira da gwaggonki, kada ya fito ko a wurina, don kin ga abin da bakina ya iya. Idan za ku shiga tasha ko lungu kada ki tafi ke kaɗai, tausayi ba ya hana hankali. Ki ci abinci kafin ki fita. Idan malamanku sun yi Faransanci mai tsawo a gaban mutanen da ba sa ji, ki juya musu da Hausa ko Dendi, kada a yi magana a kan mutum yana zaune kamar buhu.

Kafin in rubuta wannan na je shagon kawunki, don labarin nasa ne kafin ya zama nawa. Na same shi yana kwance ƙafar wani moto. Na ce masa zan faɗa miki abin da na ce a asibitin unguwa. Ban taɓa yi masa maganar ba tun ranar, har ina ce wa kaina wataƙila zafin ciwo bai bar shi ya ji ba.

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Na ji, Yaya. Har Hajiyar da ke benci na gani."

Na ce, "Kana ji ina ɗora wa Madam shekara da shekaru, ba ka taɓa cewa komai ba?"

Ya ce, "Ke kika yi jinyata a Paraku, kina kwana a ƙasa. Na ce wadda ta yi wannan, a bar ta ta faɗi nata da bakinta idan ta shirya." Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Kin daɗe dai."

Na yi kuka a shagon nan gaban yaransa, ya kore su ya sayo mini ruwan sanyi. Sannan ya ba ni saƙo gare ki. Ya ce ki faɗa wa malamanku idan suna neman wanda zai tsaya gaban ma'aikatan asibiti ya ba da labarin yadda abin yake daga kan gadon marar lafiya, shi zai zo, da sunansa da fuskarsa, ba sai an ɓoye shi ba. Ya ce kawai kada a sa ranar kasuwar Jugu, don ranar ce aiki ya fi yawa. Ni ma na ce masa idan za a saurari 'yar kasuwa, zan bi shi in faɗi nawa kason. Ban san ko ana yin haka a jami'a ba, ke kika sani.

Uwata, ban san yadda za ki dube ni bayan kin karanta wannan ba. Idan kin yi fushi kina da gaskiya, ki yi fushinki ki gama, ina nan. Abin da nake roƙo kawai kada aikin ya fita ranki don labarin ya sauya. Kin tafi da niyyar gyara mugun mutum ɗaya. Yanzu kin san babu mugu a labarin, akwai mace mai tsoro da yaya mai kunya da saurayi mai ciwo, kuma dukanmu uku mun sauya. Aikin da aka gina a kan wannan ya fi wanda aka gina a kan haushi ƙarko.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗe miki ƙirjin mutane, ya sa hannunki ya zama sanyi ga duk wanda kika taɓa. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, naki da na wasu. Ya ba malamanku da abokan aikinki haƙuri da nasara. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya. Ki gaida gwaggonki da yaranta. Idan aiki ya kai ku wajen Pelebina, ki nemi Madam Selestin, na ji ta yi ritaya amma tana garin. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce ke 'yar mai atamfa ce ta kasuwar Jugu, kuma ƙanen nan yana gaishe ta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
daga Zongon Jugu.